Da Wutsiyar Kifi Muka Je Maiduguri

Ana idar da sallar asuba muka bar Kano, mu uku a motar da muka ɗauka shata. Tun a ƙofar gidana aka fara. Direban ya ɗaga ɗaya daga cikin dogayen jakunkunanmu, ya jinjina ta, ya ce, "Hajiya, talabijin ce a ciki?" Na ce masa kayan wanka ne. Ya dube ni, ya dubi jakar da ta kusa kai masa ƙirji, ya ce Allah ya sauwaƙe, ya tura ta bayan mota.

Waɗanda suka daɗe suna bibiyata sun san abin da ke cikin jakar. Sababbi kuwa bari in yi muku bayani kafin ku fara yi mini tofi. Wutsiyar kifi ce. Wani yadi ne mai santsi da ake sawa daga ƙugu har ƙasa, a ƙarshensa akwai faffaɗan fiffike na roba da ake cusa ƙafa biyu a ciki. In kin shiga ruwa da ita, ƙafafunki sun zama ɗaya, da ciki da ƙugu za ki yi ninƙaya. Ana ce mana 'yan ruwa, wasu da wasa, wasu kuma suna faɗa suna ja da baya. Ba mu haɗa komai da aljanu ba. Motsa jiki ne, mu kuma manyan mata ne masu 'ya'ya, da rigunanmu masu rufe jiki, a inda babu maza. Ni malamar makaranta ce. Abokan tafiyata, ɗaya likitar haƙori ce, ɗayar kuma mai shagon labule ce da muke kira Auta don ta fi mu ƙuruciya, duk da babban ɗanta ya shiga jami'a.

Mun yi shekaru muna abin nan har ya fara gundurarmu. Duk tsarin da za ki samu na masu koyo ne, ko na yara. Mu da muka wuce nan, in mun haɗu kowa ta kama layinta, ta je ta dawo, a ɗau hoto, a sha zoɓo, a watse. Likita har ta fara maganar sayar da tata wutsiyar. Ana cikin haka wata Hajja daga Maiduguri ta shigo zauren hirarmu na waya. Dillaliyar bandar kifi ce, a Baga ta tashi, a tafki ta koyi ruwa tun tana yarinya. 'Yarta da ke aure a waje ce ta aiko mata da wutsiya don zolaya, wai mai sayar da kifi ta ɗanɗana zama kifi, sai zolaya ta zama gaske. Wani masaukin baƙi a unguwarsu ta Gomari yana ware wa mata kwamin ninƙayarsa duk safiyar Asabar, kuma ita kaɗai ke zuwa. To manajan ya gaji. Ya ce ba zai ci gaba da kulle ƙofa saboda mace ɗaya ba, in wata ya ƙare bai ga mata ba zai mayar wa maza lokacin. Hajja ba ta san wani wurin da zai kulle mata ƙofa ba. In Asabar ta tafi, wutsiya ta koma akwati ke nan.

Ni kuwa kun san ni da son tsari. Nan take na ce mu je mu yi wasan haɗin gwiwa, mu huɗu a ruwa lokaci ɗaya, Hajja ta gayyato matan gari su gani, su yi sha'awa, su shigo. Da jifa ɗaya mu samu abin yi, ita ta samu abokai. Na zaɓi satin bayan Sallah don muna hutu. Da na faɗa mata ranar ta yi jim, sannan ta ce, "To, Allah ya kawo ku lafiya." Na ji jim ɗin nan sarai, amma na ɗauka waya ce take yankewa.

Hanya ta yi mana daɗi da farko. Mun wuce Wudil gari bai gama wayewa ba, muka karya a Azare da ƙosai mai zafi da kunun tsamiya. Ƙosan da ake ba ka cikin leda yanzu, in ka tuna na shekarun baya a kuɗi ɗaya, sai ka ji kamar ka yi masa gaisuwar rashin lafiya. Daga nan ƙasa ta fara buɗewa, itatuwa suna raguwa, rana tana ƙaruwa. A Potiskum manyan motoci maƙare da shanu suka tsare mu, wani bijimi ya leƙo da kansa ta saman mota yana kallon Auta, ita kuma ta rantse ya gane ta. Direbanmu mutumin kirki ne, sai dai yana ganin rami sai ya ƙara wuta, wai gara a wuce shi da sauri kafin ya farga. Abin da yake ta nanatawa shi ne mu rage tsaye-tsaye, domin hanyar shiga Maiduguri ba a yi mata yamma.

Bayan Damaturu shingayen jami'an tsaro suka yawaita, hira a mota ta ragu. Za ka ga garuruwan da aka sake ginawa, kwano sabo fil yana ƙyalli kusa da tsohon bangon da ba a taɓa ba, yara na tallan ruwa da gyaɗa a gefen titi. Na yi wa mutanen nan addu'a a zuciyata. A wani shinge aka ce a buɗe kaya. Sojan ya zuge jakar Auta, sai ga wutsiya ruwan lemo da ɓawon kifi na zinare tana walƙiya a rana. Ya ɗaga ta sama da hannu biyu, ya juya ta, ya leƙa cikinta, ya ce, "Madam, wannan kifi, ina kansa?" Auta ta nuna kanta. Sai da ya kira abokin aikinsa, Likita ta nuna musu bidiyo a waya, suka yi dariya har ɗaya yana dafa mota. Suka ce mu wuce, mu gaida ruwa.

Mun shiga Maiduguri da la'asar. Abin da ya fara tarbar mu zafi ne, irin wanda ko iska ta kaɗo sai ka ji kamar an buɗe murhun burodi. Na biyu kuma darbejiya, layi-layi a bakin titi, kowace da mai shayi ko mai gyaran keke a gindinta. Babu babur ko ɗaya a titi, sai keke da a-daidaita-sahu, abin da ya sa kunnena na mutuniyar Kano ya rasa abin da yake nema. Gomari kusa da filin jirgi take, kana cikin gaisuwa jirgi zai wuce, a dakata, a ci gaba daga inda aka tsaya.

Hajja ta tarbe mu a ƙofa tana "Lale, lale, wushe!" Doguwa ce, baƙa, mai dariya da dukan jikinta. Gidanta kuwa turaren wuta ya kama ko'ina, har labule da kofin shan ruwa. Na zaci gidan mai kifi zai yi ƙarni, ashe ni ce zan ji kunyar warin hanya da na shigo da shi. Aka kawo burabisko da miyar bandar kifi, da nama mai laushi da aka dafa shi a rufe har yana rabuwa da kansa, da ruwan tsamiya mai sanyi. Likita, wadda kullum take mana wa'azin rage ci, ita ta nemi ƙari.

Tunda kwamin sai Asabar ake ba mata, a kan kafet ɗin falon Hajja muka yi gwajin wasanmu ranar Juma'a da safe. Ku kwatanta manyan mata huɗu kwance rub da ciki, ƙafafu a haɗe, suna ɗaga su sama ina ƙirga musu. A kan kafet dai mun yi kyau ƙwarai.

Da yamma Hajja ta kai mu gaishe-gaishe, har Dala wajen gwaggon mijinta da kowa ke kira Kaka. Tsohuwa ce Bashuwa, 'ya'yanta manyan dillalan shanu ne, ita kuma daga kan tabarmarta take juya gidan da ido. A nan na fara lura da wani abu. Duk macen da muka gaisa da ita, hannunta da ƙafarta sun sha lalle ja da baƙi, zane kamar an ɗinka. Fata kuma tana sheƙi saboda dilka, wato gyaran jikin da ake murza mace da shi kwana da kwanaki kafin biki. Na yaba, na ce matan garin nan akwai ado. Kaka ta ce ai satin biki ne, a danginsu kaɗai aure uku za a ɗaura. Sannan ta tambayi Hajja da Kanuri, Hajja ta amsa, Kaka ta tafa hannu tana dariya.

A cikin a-daidaita-sahu na matsa wa Hajja ta fassara mini. Ta ce Kaka cewa ta yi, wace mai hankali ce za ta zauna a yi mata dilka da lalle, a turara ta, sannan ta faɗa ruwan da aka zuba wa maganin wanke kwami? Lalle zai koɗe, fata ta bushe, ƙamshi ya tafi. Na ce, "Hajja, kin san haka kika bar ni na sa wannan ranar?" Ta ce, "Baƙo ya ce ga ranar da zai zo, sai in ce masa kar ya zo? Mu ba ma yin haka." Raina ya ɓaci, ba da ita ba, da ranar. Mun ƙetare jihohi don mu jawo mata cikin ruwa a satin da babu macen da za ta yarda ko yatsanta ya jiƙe.

Asabar da safe mata suka zo, don an gayyace su kuma ba sa ƙin gayyata. Sun cika kujerun bakin kwami da lafaya kala-kala, ƙamshin humra ya danne warin maganin ruwa gaba ɗaya. Kowace ta janye kujerarta baya, ta naɗe ƙafa. Kaka ta zo da ƙatuwar ƙwarya cike da fura da kindirmo, aka zauna ana sha kamar an zo kallon ƙwallo. Manajan, wani dattijo mai hula zanna, ya kulle mana ƙofa daga waje, bayan ya tuna wa Hajja cewa masu shiga ruwa yake son gani, ba 'yan kallo ba.

Muka shiga. A nan na fara ganin Hajja a ruwa, kuma wallahi ta fi mu duka. Ba ta da salon da muka koya a waya, amma tana tafiya a ƙasan ruwa kamar a tsakar gidanta. Sai aka zo wasan haɗin gwiwa. Abin da babu wadda ta tuna a kan kafet shi ne, a ƙarƙashin ruwa ba a jin ƙirga. Kowace cikinmu ita kaɗai ta koyi abin nan, kowace da saurin da jikinta ya saba. Na nutse ina ƙirgawa a zuci, na juya dama, sai na ci karo da Likita da ta riga ni juyawa. Auta ta taso daga ƙasa ta ɗauke ni da ka. Hajja ta zo wucewa, fiffikenta ya wanke Likita da mari. Muka taso muna tari, kowa na nuna kowa. Matan nan suka yi dariya har wata ta ƙware da fura. Muka sake, ya fi na farko muni.

Na kama bakin kwami ina haki, na dubi Hajja. Tana dariya tare da kowa, amma idonta na kan ƙofar da manajan yake bayanta. Tausayinta ya kama ni sosai. Mu gobe za mu koma inda muke da wurin wanka da abokai, ita za mu bari da abin da muka ɓata.

Kaka ce ta ɗaga murya daga kujerarta. "Ku 'yan Kano, haka kuke rawa a garinku, ba kiɗa?" Na ce mata ko an kunna waƙa ba ma ji a ƙasa. Ta ce a ɗauraye mata ƙwaryar fura. Ta sa aka matso da kujerarta har bakin ruwa, ta tattare lafayarta, ta kifa ƙwaryar a kan ruwan kwamin kamar yadda ake kifa ta a baho in ana kiɗan ruwa a gidan biki. Wata ta riƙe mata gefe da yatsu biyu tana kare lallenta. Kaka ta ɗau ludayi ta fara bugawa a hankali. Ita kanta gwadawa take yi, don ta ce mini, "Shiga ki ji mana, ko banza nake yi."

Na nutse. Sai na ji shi, dum, dum, dum, ba a kunne kaɗai ba, har a ƙirjina. Na taso ina ihu kamar yarinya. Muka jeru mu huɗu, muka watsar da duk tsarin da na wahala ina haɗawa. Hajja ta ce mu bi kiɗan kawai, irin rawar da matansu ke yi a biki, a hankali, da kafaɗa da ƙugu, ba gaggawa. Bugu ɗaya, kaɗa wutsiya ɗaya. In Kaka ta ninka bugu, a juya. Matan suka ɗauki waƙa da tafi, ba na jin kalma ɗaya a ciki, amma jikina ya gane. Muka tafi tare, muka juya tare, muka taso tare a tsakiyar kwami, wutsiya huɗu suka daki ruwa lokaci guda. Guɗar da ta tashi a wurin nan, na tabbata an ji ta a filin jirgi. Ruwa ya fantsama har kan 'yan layin gaba, kuma babu wadda ta ja kujera.

Hajja ta riƙe hannuna a cikin ruwa. Ta ce, "Malama, duk shekarun nan in na fito daga ruwa, ba wanda yake ce mini ko sannu." Fuskarta a jiƙe take, don haka ba zan rantse cewa kuka take yi ba, amma ni na yi.

Muna hutawa sai wata mata mai koriyar lafaya ta zo ta tsuguna kusa da ni ta ce in ara mata wutsiyata da riga. Na gyara murya na fara yi mata bayanin da nake yi wa masu koyo, cewa ƙafa a ɗaure ba wasa ba ce, sai an fara daga wuri marar zurfi. Ta saurare ni har na gama, ta ce ta gode. Ta sa kaya, ta zauna a bakin wuri mai zurfi, ta sulale ciki ko ƙara babu, ba ta taso ba sai a ɗaya ƙarshen. Ashe mai kantin magani ce, ta koya tun tana karatu a Masar, tata wutsiyar tana ƙasan akwati, sai ta yi tafiya take fito da ita. Ta ɗauka ita kaɗai ce a garin, kuma tana tsoron bakin mutane. Gidanta yana bayan layin su Hajja, har sayen kifi take aikawa can. Wata ta ɗaga murya ta ce, "Lallenki fa? Gobe ne ɗaurin aure!" Ta ɗaga hannu daga cikin ruwa ta duba, ta ce, "A sake wani."

Da aka buɗe ƙofa, manajan yana tsaye, da alama guɗa ta hana shi zama. Ya ce ya ji an yi taro, amma baƙin Kano gobe za su tafi, 'yan kallo kuma ba su ne sharaɗi ba. Mai kantin magani ta ce a sa da ita duk Asabar. Wasu mata suka ce a bari lalle ya koɗe, za su zo koyo. Kaka ta dogara sandarta ta ce, "Ni ba na shiga ruwa, ɗana. Amma zan biya kuɗin ƙofa kamar mai shiga, ni da ƙwaryata. Kalas, magana ta ƙare." Dattijon ya cire hula, ya sosa kai, ya mayar. Ya ce an bar wa mata Asabar, amma don Allah a rage guɗa, akwai baƙi masu barci. Aka amsa masa da wata guɗar.

Lahadi da sassafe muka juyo, da kwalin bandar kifi da kwalaben humra da Hajja ta cusa mana a mota da ƙarfin tsiya. Direba ya ce bai taɓa ɗaukar kifi da turare a wuri ɗaya ba, bai san wanda zai yi nasara ba. Likita ta yi ta buga gwiwarta da yatsa tun daga Damaturu, tana lissafin inda za mu samu ƙwarya mai girman ta Kaka, maganar sayar da wutsiya kuwa ba ta ƙara tayar da ita ba. Mun iso Kano kafin magariba, a gajiye, baƙi ƙirin, lafiya lau.

Mun tafi muna zaton abin da manya irinmu suka rasa shi ne wani salo mai wuya da ba mu iya ba tukuna. Ashe abin da muka rasa mutane ne a bakin ruwa, da abin da za mu ji tare a ƙarƙashinsa. Wadda ba ta iya ninƙaya ba ma tana da aikin yi a wannan wasan. Na kuma koyi cewa in zan sa wa mutanen wani gari rana, in tambaye su sau biyu, musamman masu kunyar baƙo.

Asabar ɗin da ta wuce Hajja ta aiko mini da saƙon murya. Ana jin ƙwarya a bayanta, da hayaniyar mata, da wata tana kururuwa wai ruwa ya shiga hancinta. Ta ce, "Malama, kin jawo mini masifa. Da ni kaɗai nake da kwami, in je in dawo yadda nake so. Yau sau biyu ana marina da wutsiya." Daga nan dariya ta ci ƙarfinta, ta kasa ƙarasa saƙon.